Wa Ke Zaɓen Ƴan Kokowa?

Ko kana Tanut, ko Balbeji, ko Gangara, ko Bakin Birji, na san ka taɓa zama gindin rediyo lokacin kokowar takobi. Mai magana yana kiran sunayen ƴan kokowar jihar Damagaram ɗaya bayan ɗaya. Su goma ne. Kowa ya yi tsit, yana jira ya ji ko akwai ɗan Damargu a ciki. In an kira naku, sai gari ya ɗau sowa. In ba a kira ba, sai gardama ta tashi. Wani ya ce an yi son kai. Wani ya ce a'a, yaranmu ne ba su fita ba.

To, wa ya zaɓi mutanen nan goma? Ta wace hanya aka bi? Tun yaushe aka fara yin haka? Abin da za mu duba ke nan. Za mu kuma leƙa wata ƙasa mai nisa, watau Amurka, mu ga yadda suke zaɓen ƴan wasansu. Hanyarsu daban, tamu daban, amma in ka haɗa su biyu za ka ƙara gane taka.

Zamanin da gari ke zaɓen nasa

Tun zamanin ayari aka san Damargu da hatsi. Buzaye na saukowa daga Abzin da raƙuma, su kawo gishiri da dabino, su koma da gero. Ƙasar da ke cika rumbu kuwa ba ta rasa ƙarfafan samari. Wanda ya yini yana noma da hauya tun daga shuka har girbi, ya ɗauki damma a ka, ya ja guga a rijiya mai zurfi, jikinsa ya riga ya horu.

Lokacin kokowa shi ne kaka. An yanke hatsi, an ɗaure, an kai rumbu. Ciki ya cika, hankali ya kwanta. In farin wata ya fito, sai makaɗa su fita dandali. Yara ƙanana su ke buɗe fili. Sa'an nan matasa su shiga. Can dare ya yi nisa, sai manyan ƴan kokowa su miƙe, da walki, da guraye, da layu, kowa yana kirari.

A nan ake zaɓe, ko da yake ba wanda ke kiransa zaɓe. Babu takarda, babu alƙalami. Duk gari na kallo. Wanda ya kayar da tsaransa yau, ya kayar gobe, ya kayar jibi, kowa ya san shi ne gwanin gari. Tsofaffin ƴan kokowa na zaune gefe, suna lura da yadda yaro ke kafa ƙafa da yadda yake kama ƙugu. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

In gari ya ji ƙarfinsa, sai sarkin samari ya aika wa maƙwabta goron gayyata. Ranar da aka sa, baƙi su zo da makaɗansu da ƴan matansu. A sauke su, a ba su fura da tuwo, sa'an nan a shiga fili. Kayen da aka yi ran nan za a yi shekara ana maganarsa a kasuwa da bakin rijiya.

Wannan hanya tana da kyau wajen gaskiya, don ƙasa ba ta karɓar toshiya. Wanda bayansa ya taɓa ta ya faɗi, ko ɗan wane ne. Amma tana da iyaka. Sunan gwani ba ya wuce inda ƙafa ko jaki ke kai mutum. Ana iya samun ƙato a Tarka wanda ba a taɓa kayarwa ba, ya tsufa ya mutu, mutumin Doso bai taɓa jin labarinsa ba.

Shekarar 1975

Manya daga cikinku sun tuna farin 1973 da 1974. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun zama wayam, mutane da yawa sun bar gida. Ran 15 ga watan Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki daga hannun Diori Hamani, Seyni Kunce ya zama shugaban ƙasa. Sabuwar gwamnati ta farfaɗo da samariya a garuruwa da ƙauyuka. Tana neman abin da zai haɗa kan ƴan ƙasa, Bahaushe da Bazabarme, Babarbare da Buzu da Bafillace. Kokowa kuwa abu ce da kusan kowa ya sani tun yana yaro.

A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko, a garin Tawa. A lokacin an raba Nijar kashi bakwai: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. Kowane kashi ya kawo nasa gwanaye. Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, mutumin Maraɗi, shi ya zama sarkin kokowa na farko. Daga nan gasar ta riƙa zagayawa, bana wannan babban gari, baɗi wancan. Wanda ya ci ana ba shi takobi, a naɗa masa rawani, a sa masa babbar riga, a ɗora shi bisa doki.

Rediyon Muryar Sahel ya kai labarin har ƙauyen da mota ba ta zuwa. Nan da nan sunaye irin su Kantu, da Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram suka shiga bakin yara. Makaɗa irin su Sagalo suka ƙara ɗaukaka su. Yau filin kokowa na Damagaram sunan Langa-Langa gare shi, na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Daga 1975 zuwa ƙarshen 2024 an yi gasar sau 45.

Amma ka lura da abu guda. Tun da aka ce kowane kashi ya kawo mutane ƙidayayyu, tilas a san yadda za a fitar da su daga cikin dubbai. Nan ne zaɓe ya zama aiki na musamman, da rana, da alƙalai, da takarda.

Tsanin da ake hawa

Hanyar da aka tsara kamar tsani take. Matakin farko shi ne gari. Gwanayen garuruwa su haɗu a ƙasar hakiminsu, ko kuwa a komin ɗinsu kamar yadda ake yi yanzu. Waɗanda suka tsira su tafi babban garin gunduma, irin su Tanut. Daga can kuma a kwashi na gaba-gaba zuwa Damagaram, tafiyar wajen kilomita 150 daga Tanut. A Damagaram za su tarar da gwanayen Mirya, da Magarya, da Kance, da Gure, da na cikin birni. A nan ake tace mutum goma. Kafin ranar gasa akan tara su wuri guda, a ciyar da su, a horar da su.

Da, jihar Damagaram gunduma biyar gare ta: Gure, Magarya, Matamai, Mirya da Tanut. A 2011 aka ƙara yanka ƙasa, gundumomi suka zama goma. A nan ne Balbeji ta fita daga cikin Tanut ta tsaya da ƙafarta. To, yi lissafi da kanka. Gunduma goma, ga kuma birnin Damagaram, sha ɗaya ke nan. Gurabe kuwa goma ne rak. Ka ga babu gundumar da aka ajiye wa gurbi. Kowa sai ya ƙwaci nasa da ƙarfinsa.

Jihohin Nijar yanzu takwas ne, tun da aka ware Tilaberi daga Yamai. Goma sau takwas, ƴan kokowa 80 ke nan. A wurin gasa akan jefa ƙuri'a, jiha ta kara da jiha, goma da goma. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da kokowa don jiharsa. Kullum yawan waɗanda ba su faɗi ba yana raguwa, har a kai ga mutum biyu, har a kai ga ɗaya. Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya haye wannan tsani har ƙarshe sau da yawa. A Agadas, a ƙarshen 2023, ya ɗau takobi karo na shida.

Wannan tsani ya gyara abin da ya gagari kakanninmu. Yaron da aka haifa a ƙauyen da babu kasuwa yana iya kai sunan garinsu kunnen duk ƙasa. Amma tsani, in matakin ƙasa ya karye, na sama ba su da amfani. Riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Yadda Amurkawa ke nasu zaɓe

Yanzu bari mu ƙetare teku. A Amurka akwai wani wasa da suka fi so bisa kowane wasa. Suna kiransa ƙwallon ƙafa, amma ba irin wanda yaranmu ke bugawa ba ne. Ƙwallon dogo ne, mai tsini gaba da baya. Da hannu ake ɗaukarsa a ruga. Mutum goma sha ɗaya ne kowane gefe. Filin ya kai kusan mita 110, an ja masa layi-layi kamar kunyoyin gona. Abokan hamayya su kan tare mai ƙwallo su kayar da shi ƙasa. Saboda haka kowa na sanye da kwalkwali da sulke, kamar ɗan lifidin sarki. In ka gani za ka ce rabinsa gudu ne, rabinsa kokowa.

Can ƴan wasa albashi ake biyansu. Manyan garuruwa da yawa suna da ƙungiyarsu, kuma galibi mai ƙungiya attajiri ne. Babbar gasarsu ana kiranta NFL, an kafa ta a 1920. Samari su kan fara wasan a jami'a, watau babbar makaranta, in sun gama sai ƙungiyoyi su ɗauke su.

Da farko, wanda ya fi kuɗi shi ke kwashe gwanaye. Ƙungiya mai ƙarfi ta ƙara ƙarfi, mai rauni ta ƙara lalacewa. Ƴan kallo suka fara gajiya, don ba daɗi a kalli karo tsakanin sa da ɗan akuya. Sai wani mutum, Bert Bell, mai ƙungiyar garin Filadelfiya, ya kawo shawara a 1935. Ya ce a rubuta sunayen samarin da suka gama makaranta, a riƙa ɗauka bi da bi. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gasar bara ita za ta fara ɗauka. Wadda ta ci kofi ita ce ta ƙarshen ɗauka. Sauran suka yarda.

Ran 8 ga watan Fabrairu 1936 aka yi zaɓen farko a Filadelfiya. Ƙungiya tara ce. Aka rubuta sunaye a allo, aka zagaya sau tara, aka ɗauki mutum 81. Wanda aka fara ɗauka sunansa Jay Berwanger. Ka san abin da ya faru? Bai buga ko wasa ɗaya ba. Ba su daidaita kan albashi ba, ya tafi ya kama kasuwanci. Fiye da rabin waɗanda aka zaɓa ran nan ma ba su buga ba, don a lokacin kuɗin wasa bai taka kara ya karya ba. Duk da haka tsarin ya zauna. Yanzu ƙungiyoyin 32 ne, kowace shekara ana zagayawa sau bakwai.

Dubi hikimar da ke ciki. Sun gane cewa in maƙwabcinka ya rasa gwani, kai ma ka rasa abokin karawa. Shi ya sa suka ba mai rauni hannun farko a akushi. Amma dubi kuma abin da ɗan wasa ya rasa. Ba shi ke zaɓen garin da zai zauna ba. Inda aka kira sunansa, can za shi, ko da ya fi nisan Tanut zuwa Makka. Kuma mutane ne zaune a ɗaki ke zaɓe, da takardu da lissafi. Mutum kuwa yana kuskure.

Ƙananan gasa

Samarin da ke wasan a makarantun Amurka dubbai ne. Waɗanda babbar gasa ke zaɓa a shekara ba su kai ɗari uku ba. Ina sauran za su? Wannan ya sa wasu attajirai suka riƙa kafa ƙananan gasa, su ma da nasu zaɓen.

Ɗaya daga cikinsu ita ce USFL. Ta fara a 1983 da ƙungiya 12, tana wasa a watannin da babbar gasa ke hutu. A watan Janairu 1983 ta yi zaɓenta na farko. Ta zo da wata dabara. Kafin a shiga zaɓen kowa da kowa, an ba kowace ƙungiya dama ta fara ɗaukar yaran makarantun da aka ware mata, galibi na yankinta. Dalili shi ne, sun san mutum ya fi son ya biya kuɗi ya kalli ɗan garinsu. Wannan kai ma ka san shi. Shi ne abin da ke sa ka kasa kunne ka ji ko an kira ɗan Damargu.

Wanda suka fara ɗauka a zaɓen kowa da kowa, Dan Marino, bai je ba. Ya jira babbar gasa, ƙungiyar garin Mayami ta ɗauke shi, ya yi suna a can. Sai masu ƙaramar gasa suka shiga zuba kuɗi don su ƙwace gwanaye daga hannun babbar. Suka kashe abin da ba su da shi. Shekara uku kaɗai suka yi suna wasa, daga 1983 zuwa 1985. A 1984 suka kai babbar gasa ƙara, wai ta tare musu hanya. A 1986 kotu ta ce suna da gaskiya, amma diyyar da aka yanka musu dalar Amurka ɗaya ce, aka ninka ta sau uku ta zama uku. Daga nan gasar ta mutu.

Wasu sun sake gwadawa. Wata mai suna XFL ta yi zaɓe a watan Oktoba 2019, da ƙungiya takwas. Ta fara wasa a 2020, mako biyar kaɗai aka yi, cutar korona ta tsayar da ita. Daga baya ta farfaɗo, aka kuma tayar da sunan USFL. A 2024 biyun suka haɗe suka zama gasa ɗaya, UFL.

Kana iya cewa, to mene ne amfanin ƙaramar gasa, tun da yau ta tashi gobe ta faɗi? Ga labarin wani mutum, Kurt Warner. A 1994 aka yi zaɓen babbar gasa, ba wanda ya kira sunansa. Wata ƙungiya ta gwada shi ta sallame shi. Ya koma yana jera kaya a kanti da dare. Sai ya shiga wata ƙaramar gasa da ake yi a ɗan ƙaramin fili cikin rufaffen gini, ya yi shekara uku. A nan aka ga hannunsa. A 1998 aka tura shi wasa ƙasar Holan. A 1999 ya samu gurbi sosai a ƙungiyar garin San Luwis, a watan Janairu 2000 kuma ya kai ta ga cin babban kofin Amurka, aka ce shi ne gwanin shekara. Masu takarda da lissafi sun tsallake shi. Ƙaramin fili ne ya fito da shi.

Kuɗi da tafiya

Mu komo gida. Mu a nan ba a sayen ɗan kokowa a ɗaki, ba a kuma ba jiha mai rauni hannun farko. Amma in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Kyautar takobi ta girma. Bayan doki da riga, yanzu akwai miliyoyin sefa, ga kyautar attajirai da ta manyan gwamnati. An kuma sha fitar da gwanaye su wakilci Nijar a waje, kamar gasar ƙasashen Afirka ta Yamma, inda ake auna nauyin mutum kafin a haɗa shi da abokin karawa. A 2005, da aka yi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai, kokowar gargajiya na cikin wasannin. Watau kokowa ta zama hanyar abinci.

Wannan ya kawo wani sabon abu. A ce jiha tana da gwanaye ashirin, gurabe kuwa goma. Na goma sha ɗaya zai zauna gida, alhali da a wata jiha yake, da shi ne na ɗaya ko na biyu. Saboda haka wasu ƴan kokowa su kan koma wata jiha da zama, su shiga zaɓen can. Abin da Amurkawa suka yi da doka, mu ƙafa ce ke yi mana shi. Yana da amfani, don yana sa karo ya yi zafi, ba a san mai ci ba sai an gama. Amma garin da ya haifi yaro, ya ciyar da shi, ya koya masa kamun farko, sai ya ji ana kiran sunansa da sunan wata jiha.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Lokacin kokowa shi ne lokacin tafiya cin rani. Da an ɗaure dami na ƙarshe, samarin Damargu sun hau mota. Wasu Agadas, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya. Tun 2014 kuma ga haƙar zinariya a Jado da sauran wuraren arewa. Ba wanda zai ga laifinsu. In damina ta yi gardama, kamar 1984, ko fara ta sauka kamar 2004, dole a fita neman abin sa wa a baka. Mai jin yunwa ba ya kokowa. Amma har a shekarar da aka samu albarka, garuruwa da yawa sun bar fita dandali. Dare ya yi, kowa ya duƙufa kan wayarsa, yana kallon kokowar wasu.

To, ka tuna maganar tsani? Alƙalan da ke Damagaram ba za su zaɓi wanda ba su gani ba. Na Tanut da na Balbeji ma haka. In gari bai yi kokowa ba, ba shi da gwani. In ba shi da gwani, ba wanda zai tura. Ƙila yaron da zai ɗau takobi yana nan garinku, yana jan guga, ko kuwa yana can cikin ramin zinariya, shi kansa bai san abin da Allah ya ba shi ba. Dandalin garinku shi ne ƙaramar gasarmu. Ba ya bukatar attajiri, ba ya bukatar kotu. Yashi ne, da ganga, da farin wata.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin nan ya nuna mana hanya uku. Ta kakanni, inda gari ke gani da idonsa. Ta 1975, inda aka kafa tsani daga gari har zuwa takobi. Da ta Amurka, inda ake kiran suna a ɗaki, mai rauni ya fara ɗauka. Kowace a cikinsu tana tsaye ne kan ƙaramin fili, inda yaron da ba a sani ba zai nuna kansa.

Saboda haka ga shawara, ɗan'uwa. In kaka ta yi, ku sa ranar kokowa tun kafin samari su watse. Ku aika wa maƙwabta goro kamar yadda iyayenmu ke yi. Ku bar yara ƙanana su buɗe fili, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku sa tsofaffin ƴan kokowa su yi alƙalanci, mutanen da ba su jin kunyar faɗin gaskiya. In ɗan talaka ya kayar da ɗan mai gari, to ya kayar. Ranar da aka fara tura yaro don darajar ubansa, ran nan aka fara faɗuwa a Damagaram.

Sa'an nan wani ya je ma'aikatar magajin gari ya tambayo ranar zaɓen komin da na gunduma, ya rubuta, ya sanar. Kada labari ya zo bayan an gama. Yaron da za a tura, a tabbata yana da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, don yanzu ba a tafiya sai da su. A kuma taimaka masa da guzuri. Wannan ya kawo tiyar gero, wancan ya kawo nono, wani ya biya kuɗin mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma, iyaye mata, furarku ce ke gina ƙugun nan da ake kamawa, guɗarku ce ke tayar da wanda gwiwarsa ta yi sanyi.

Ba kowane yaro ne zai kai Damagaram ba. Cikin goman ma, takobi ɗaya ne. Amma wanda ya faɗi a dandali ya tashi ya kaɗe jikinsa, ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu, ya koyi abin da zai amfane shi har tsufa. Garuruwan da suka ci tuwon juna ranar kokowa kuwa, in rigimar gona ko ta rijiya ta taso, sun fi saurin sasantawa.

Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, za a sake zama gindin rediyo, mai magana zai sake kiran sunaye goma. Kafin ka ce an yi son kai, ka fara tambayar kanka: bana sau nawa aka buga ganga a dandalin garinmu?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya. Amin.